Wata Bakwai da Aji Ya Koma Tsakar Gida

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu, shugaban wata makarantar firamare, ya gabatar a zaman malamai da iyayen yara na shiyyarmu a Kazaure, shekara guda bayan rufe makarantu saboda annobar korona.

 



An ba ni umarni in yi magana a kan yadda iyaye suka riƙe karatun 'ya'yansu a gida lokacin annoba. Na amsa ne don ina da hannu a al'amarin ta fuska biyu: ni malami ne da ya daɗe yana riƙe da alli, kuma ni uba ne da aka bar shi da 'ya'yansa a gida, ya gwada koyar da su, ya sha mamaki. Saboda haka abin da zan faɗa ya shafe ni kafin ya shafi kowa a cikin wannan zaure.

Bari mu tuna yadda abin ya zo mana. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, can a Legas. A lokacin yawancinmu mun ɗauke ta cutar masu hawa jirgin sama. Ba a cika wata guda ba gwamnonin Arewa maso Yamma suka zauna suka amince a rufe makarantu na kwana 30 daga ranar Litinin, 23 ga Maris. Na tuna ranar da na sallami yara. Na ce musu su riƙe littattafansu da kyau, hutu ne na wata guda. Wasu har tsalle suke yi don murna. A watan Afrilu cutar ta ɓulla a jiharmu, kuma Kazaure na cikin wuraren farko da aka sa wa dokar kulle. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu muna cikin gidaje, ga labaran mace-mace na ta zuwa daga Kano. Aka yi Ƙaramar Salla, damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari da maimai, aka yi Babbar Salla, ƙofofin azuzuwa na nan a garƙame. Ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare ne kawai aka mayar a watan Agusta don su zauna jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan. Sauran yaran sai a watan Oktoba, bayan gero ya shiga rumbu. Kwana 30 ɗin nan ya zama wata bakwai.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a lokacin da rufe makarantu ya kai matuƙa, ɗalibai kimanin biliyan 1.6 a ƙasashe sama da 190 ne suka zauna a gida. Sai dai zaman gida suna ya tara. Yaron Ingila ko Amurka ya buɗe kwamfuta ya ga fuskar malaminsa. Yaron Korayel ko Amaryawa ko Insharuwa yana gidan da waya ɗaya ce tak, tana aljihun maigida, maigida kuma yana gona ko kasuwa, cajinta ma sai an kai shago an biya. An yi ƙoƙari an sa darussa a gidajen rediyo, kuma wasu daga cikin 'yan uwanmu malamai ne suka gabatar da su, Allah Ya saka musu da alheri. Amma rediyo ba ya ganin yaron da ya yi gyangyaɗi, ba ya jin wanda ya karanta "ɗaki" ya ce "daki", kuma ba ya maimaita wa wanda aka aika ɗebo ruwa. Darasin rediyo ya yi amfani ne a gidan da aka samu wani babba ya san lokacin shirin, ya tara yara, ya zauna tare da su. Wannan babban kuwa, a mafi yawan gidaje, uwa ce.

A nan ne zan kawo labarin gidana. Da aka rufe makarantu na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, gidan malami ba zai rasa karatu ba. Na samo falanki na shafa masa baƙi, na jingina shi a zaure, na rubuta jadawali kamar na makaranta: lissafi da safe, Turanci da hantsi, kimiyya bayan azahar. Na tara 'ya'yana da na ƙanena, daga ɗan aji ɗaya har 'yar aji shida, na tsaya a gabansu ina bayani. Ba a yi mako biyu ba makarantar tawa ta watse. Babbar ta ƙosa domin ta san abin, ƙaramin ya yi barci domin bai san komai a ciki ba, ni kuma haƙurin da nake yi da 'ya'yan mutane na neme shi na rasa a kan nawa. Wata rana na daka wa autana tsawa a kan jimlar da ya kasa, ya fashe da kuka, ya ce shi ba ya son Baban makaranta, Baban gida yake so. Na ajiye allin. Ashe wanzami ba ya son jarfa, malami kuma ba ya son a nuna masa inda ya gaza.

Uwargidana ba ta zauna a ajin boko ba ko na rana ɗaya. Karatun allo ta yi, ta sauke, ta ɗan taɓa littattafai a Islamiyyar matan aure. Ba ta ce mini komai ba. Abin da na lura da shi kawai, bayan sallar asuba tana zaunar da kowane yaro shi kaɗai, ya biya mata abin da ya karanta jiya. Idan na allo ne ta gyara masa. Idan na boko ne, ta ce ya karanta mata da ƙarfi, sannan ya faɗa mata da Hausa abin da labarin ke nufi. In ya yi ta in-ina ta san bai iya ba, sai ta ce ya je wurin yayarsa ta biya masa, ya dawo. Ba ta ƙara wa yaro sabon karatu sai na jiya ya zauna. Da rana tana awon tsaba, autan nan da ya yi mini kuka shi ke ƙirga mata mudu, shi ke lissafa kuɗin ƙuli-ƙuli da canjin da za a mayar. Kafin kaka, yaron da ya kasa jimla a kan allona yana yin ta da ka. Da na tambaye ta inda ta samo wannan dabara, sai ta ce, "Malam, ai haka aka koyar da mu. Wa ya taɓa wanke allo bai iya ba?"

'Yan uwana malamai, wannan amsa ta fi mini kwas-kwas da yawa da na halarta. Makarantar allo da muka tashi a cikinta tana da ƙa'idoji da muka manta muka bari a zaure ranar da muka sa takalmi muka tafi boko. Kowane yaro yana kan allonsa, mai babbaƙu yana babbaƙu, mai farfaru yana farfaru. Ba a ƙari sai an biya. Babba yana biya wa ƙarami. Karatu kaɗan ne, amma kullum ne. Masana ilimi na zamani sun zagaya sun dawo kan wannan hanya: ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna a duniya ne da tsarin raba yara gwargwadon abin da suka iya, maimakon gwargwadon ajin da shekaru suka kai su. Iyayenmu mata sun san haka tun kafin a ba shi suna.

Koyarwa a cikin gida kuma ba baƙuwar al'ada ba ce a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albabi, ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take horar da jajoji, su kuma su kai ilimi ƙauyuka su karantar da mata a inda suke. Ba ta jira an gina aji ba. Ta san cewa ilimin da ya shiga hannun uwa ya shiga gida gaba ɗaya. Mu da muka gaji wannan tarihi, ta yaya muka wayi gari muna kallon uwar da ba ta yi boko ba kamar wadda ba ta da abin cewa a karatun ɗanta?

Domin gaskiyar magana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, haka muka daɗe muna yi. Yaushe muke kiran iyaye makaranta? In za a yi karo-karo, ko in yaro ya yi laifi. Taron iyaye da malamai maza ne ke cika shi, alhali mata ne ke tare da yaran daga wayewar gari zuwa dare. Muna rubuta sakamakon jarrabawa da Turanci mu ba yaro ya kai wa wanda ba zai iya karantawa ba, yaron ya zama shi ne mai laifi kuma shi ne tafinta. Da annoba ta zo, muka sallami yara ba mu ba iyaye ko da takarda ɗaya da ke cewa ga inda ɗanku ya tsaya, ga abin da za ku riƙa tambayarsa ba. Mun miƙa musu aikinmu ba tare da kayan aiki ba, sannan da aka dawo wasu daga cikinmu suna cewa iyaye sun yi sakaci.

Ba na musun cewa an yi asara, kuma ba zan rufe ta ba. Duk malamin da ya shiga aji a watan Oktoba ya gani da idonsa. Yaron da ya tafi yana haɗa baƙi ya dawo yana lalube. Mai jadawalin sau ya dawo ya manta rabinsa. Wannan mai sauƙi ne, domin wanda ya dawo ana iya gyara shi. Mai zafin shi ne gurbin da muka tarar a kan benci. Akwai yarinya a makarantarmu da nake sa ran za ta ci jarrabawar shiga sakandaren kwana. Da na ga mako biyu ba ta zo ba na je gidansu. Mahaifinta ya karɓe ni da mutunci, ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce, "Malam, wata nawa muna jira ba mu ji daga gare ku ba. Mun ɗauka bokon ya ƙare ke nan. Mai nema ya fito, mun ba shi." Ban sami abin da zan ce masa ba, domin a cikin wata bakwai ɗin nan ban taka ƙofar gidansa ba ko sau ɗaya, kuma tsakanin gidana da nasa bai kai tafiyar da za a sha mai na kirki a babur ba. Akwai kuma samarin da suka bi motocin ci-rani zuwa Kano da kudu, suka ɗanɗana kuɗi, aji ya fita daga ransu. Ƙasar Saliyo ta ga irin wannan lokacin cutar Ebola, da makarantunta suka yi kusan wata tara a rufe tsakanin 2014 da 2015, 'yan mata da yawa ba su koma ba. Darasin yana nan a rubuce, ba mu karanta shi a kan lokaci ba.

Kada kuma mu manta da wasu iyayen da nauyin ya faɗo musu ta wata hanya. A cikin watannin nan ne gwamnonin Arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. Uban da ya kai ɗansa gabas ko birni shekaru da suka wuce, sai ga shi an dawo masa da shi, ga allo a hannu, ga baki ya ƙaru a kan tukunya. Waɗannan yaran da yawa suna nan a ƙauyukanmu, sun iya karatun Alƙur'ani, wasu sun iya rubutun ajami, kuma ba sa cikin rajistar kowa. Su ma 'ya'yanmu ne.

Da na duba yaran da suka dawo da karatunsu bai zube ba, na yi ta neman abin da ya haɗa su. Ba duka ba ne 'ya'yan ma'aikata, ba duka ba ne masu rediyo ko babbar waya. Abin da na samu a kusan kowane gida shi ne mutum ɗaya da ya ɗauki abin da muhimmanci: uwa mai tambaya kullum, ko yaya 'yar sakandare da ta tara ƙanne a gindin darbejiya, ko ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ya dawo gida ya buɗe darasi a zauren unguwa, ko kaka da ba ta san ko harafi ɗaya ba amma ta ce ba a cin tuwon dare sai an karanta mata shafi guda. Wani bincike da aka yi a ƙasar Botswana a cikin annobar ya nuna kusan haka. Ƙungiyar Young 1ove ta bi gidaje kimanin 4,500, wasu ana tura musu saƙon tes na lissafi duk mako, wasu kuma ana haɗa musu da kiran waya na minti 15 zuwa 20. Saƙon shi kaɗai bai yi tasiri mai ɗorewa ba. Inda aka ga ci gaba shi ne inda muryar mai koyarwa ta shiga gida, ta yi magana da uwa ko uba da yaro tare. Ƙaramar waya ce ta yi wannan aiki, irin wadda ke aljihun kowa a cikinmu yanzu.

Wani zai ce annoba ta lafa, me ya kawo tone-tone? Ina roƙonsa ya dubi abin da ya biyo baya. Ba mu cika wata biyu da komawa ba aka sace ɗaliban Ƙanƙara a jihar Katsina ranar 11 ga Disamba, aka sake rufe makarantu a jihohi da dama har da tamu. A watan Fabrairun 2021 an yi na Kagara da na Jangebe. Ambaliyar daminar 2020 ta mayar da azuzuwa a wasu sassan Jigawa masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Muna roƙon Allah Ya kiyaye gaba, amma mai hankali ya san ƙofar makaranta za ta iya sake rufuwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka ina gabatar wa wannan zama shawarwari da ba sa bukatar mu jira kasafin kuɗi daga Dutse ko Abuja.

Na farko, kowane malamin aji ya mallaki littafi guda da ya rubuta sunan kowane yaro, da unguwarsu ko ƙauyensu, da lambar wayar da za a samu gidan, da kuma sunan wanda ya iya karatu a gidan ko a maƙwabta. Ranar da aka ce a rufe, wannan littafin shi ne makarantar.

Na biyu, a ƙarshen kowane zango yaro ya tafi gida da takarda ɗaya da Hausa, da boko ko da ajami gwargwadon abin da gidan ke karantawa, mai faɗin abin da ya iya da abin da ya rage masa. A shekarar 2021, tanadin manufar ilimi ta ƙasa shi ne a koyar da yaro da harshen uwa a shekaru uku na farkon firamare. In yaro na da haƙƙin a koyar da shi da harshensa, mahaifiyarsa na da haƙƙin a yi mata bayani da shi.

Na uku, malamanmu mata su jagoranci zama na musamman da iyaye mata, ko da sau ɗaya a zango, a lokacin da ya dace da aikin gida, a makaranta ko a Islamiyyar matan aure. A nuna musu abubuwa masu sauƙi: yadda za a saurari karatun yaro, yadda za a sa shi ya ba da labarin abin da ya karanta, yadda awo da ƙirgen kuɗin sana'a ke zama darasin lissafi. Mu kuma mu saurari nasu dabarun, domin suna da su.

Na huɗu, duk yaron da ya yi mako guda ba a gan shi ba, a je gidansu kafin a ja layi a kan sunansa. A tafi da ɗan kwamitin kula da makaranta, in ta kama a nemi mai unguwa ko liman. Da na yi haka a watan Yuni maimakon Nuwamba, wataƙila yarinyar nan tana aji yau.

Na biyar, mu zauna da malaman allo na garuruwanmu a matsayin abokan aiki. Yaro ɗaya muke rabawa, su da asuba da dare, mu da hantsi. A wurare da yawa, lokacin da ƙofofinmu ke rufe, karatun allo a cikin gidaje ne ya hana yara mantawa da zaman karatu kwata-kwata.

Ina kuma da magana ga shugabannin ƙungiyarmu. Idan muka je gaban hukuma neman haƙƙinmu, mu sa littafin karatu na Hausa da yaro zai tafi da shi gida a cikin bukatunmu. Uwa ba za ta saurari karatu ba in babu abin karantawa. Gidaje da yawa sun yi wata bakwai babu takarda mai rubutun boko a cikinsu sai ta ƙunshin magani.

Ku kuma iyaye, iyayena mata da 'yan uwana maza, ina neman afuwarku a madadin duk malamin da ya taɓa sa ku jin cewa ba ku da ta cewa. Kada wanda ya ce, "Ni ban yi boko ba, me zan koya masa?" Ba a nemi ki zama malamar Turanci ba. Ki tambaye shi kullum me aka koya masa. Ki sa ya karanta miki ko da ba ki gane ba, kunnenki zai gaya miki in yana lalube. Ka rage masa aike a lokacin karatu, ka saya masa fitila mai caji in da hali, kuma in za ka yanke shawara a kan auren 'yarka ko tafiyar ɗanka, ka zo mu yi magana tukuna. Yaro yana tare da mu awa biyar ko shida a rana, sauran yinin da daren duka naku ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Falankin nan da na shafa wa baƙi yana nan a zaurena har yau. Yanzu babbar 'yata ke amfani da shi, tana biya wa yaran unguwa bayan la'asar, kowa a kan inda ya tsaya, kamar yadda ta ga mahaifiyarta na yi. Ni kuma nakan zauna a gefe in saurara.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a cikin wannan annoba, malamai da iyaye da sarakuna da malaman addini. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya tsare makarantunmu, Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a karatunsu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, ina neman gafararku.